Kabad Mai Shafen Japan Ko Durowar Mahogani: Wanne Za Ka Ɗauka Cikin Tsofaffin Kayan Katakon Ingila?

A gidajen gwanjon Ingila ana ware kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ciniki domin masu saye su shigo su duba kaya da idonsu, su taɓa, su buɗe, su durƙusa su leƙa ƙasa. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki ya san inda ido yake fara sauka. Yana tafiya ne kai tsaye kan kabad ɗin nan baƙi wuluk ko ja jawur, mai zanen zinariya na tsuntsaye da gadoji da mutane riƙe da laima. A gefensa kuma ga wata durowa ta katakon mahogani mai launin ƙasa-ƙasa ta yi tsit, ba ado ba kwalliya, sai hannuwan tagulla da zamani ya dusashe. Dukansu sun haura shekara 200 a duniya, dukansu aikin hannu ne na kafintocin zamanin sarakunan nan huɗu masu suna George, waɗanda suka mulki Birtaniya daga 1714 zuwa 1830. Tambayar da 'yan'uwa mazauna can da masu safarar kayan ɗaki zuwa gida suke yawan yi mini ita ce, in kuɗin na abu ɗaya ne, wanne za a ɗauka?

Amsata ga mafi yawan mutane ita ce mahogani. Ina faɗin haka ne alhali kabad mai shafe ya fi burge ni, kuma zan iya tsayawa gabansa rabin awa ban gaji ba. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera kowannensu, don haka sai mun fara daga can.

Asalin shafen mai sheƙi na mutanen Sin da Japan ne. Suna tsaga jikin wata bishiya da ke ƙasashensu su tari ruwanta, su tace, su shafa a kan katako siriri-siriri, shafi bayan shafi, kowanne sai ya daskare a ɗaki mai ɗumi da laima kafin a goge a ƙara wani. In an gama, abin yana yin tauri har ruwa da barasa ba sa cinsa. Jiragen Kamfanin Gabashin Indiya, wani kamfanin fatauci na Ingila, su ne suka riƙa kawo irin waɗannan kabad-kabad Landan a ƙarni na 17, masu ƙyaure biyu da ƙananan durowoyi a ciki, sai kafintocin Ingila su sassaƙa musu mazauni mai ruwan zinariya ko na azurfa a ɗora a kai. Masu kuɗi suka yi ta rububinsu. Bishiyar kuwa ba ta tsiro a Turai, don haka masu sana'a a Landan suka nemi dabarar kwaikwayo, suka kira aikin nasu japanning, wato yin abu irin na Japan. Shi ne nake kira shafen Japan a nan, kodayake bai taɓa ganin Japan ba.

Ga yadda suke yi. Za a haɗa jikin kabad da katako mai araha, galibi fayin, kujeru kuma da bich. Sai a rufe shi da kwaɓin alli da gam ɗin fata, a goge ya yi sumul kamar tangaran. A kan wannan ake zuba launi, sannan a bi da man sheƙi da aka yi da ƙaro iri-iri narke cikin barasa: wani daga Indiya wanda wani ƙwaro yake fitarwa a rassan itatuwa, wani daga Maroko da kewayenta. Duwatsu da rufin gidaje da rigunan mutanen da ke cikin zanen ana ɗaga su su yi tudu da wani kwaɓi na alli da ƙaron nan namu da muka sani, irin wanda ake tsinka a jikin bishiyoyin ƙaya na yankin Sahel. A ƙarshe a bi su da garin zinariya ko na tagulla. A 1688 John Stalker da George Parker suka buga littafi a Oxford wanda ya bayyana waɗannan haɗe-haɗe dalla-dalla, har da zane-zanen da za a kwafa. Littafin ya sa aikin ya fita daga hannun ƙwararru kaɗai, har 'yan matan gidajen manya suka riƙa koyonsa a makaranta kamar yadda ake koyon saƙa. Wannan yana da muhimmanci ga mai saye a yau, domin tsufan abu ba ya nuna gwani ne ya yi shi. Akwai shafe na 1700 da in ka matsa kusa za ka ga tsuntsun ya fi gidan girma, hannun mai zanen kuma yana rawa.

Na gwanayen kuwa abin kallo ne. Giles Grendey, wanda shagonsa yake unguwar Clerkenwell a Landan, ya yi wa wani babban gidan sarauta a Lazcano da ke arewacin Sifaniya jerin kayan ɗaki masu jan shafe wajajen 1735 zuwa 1740, guda saba'in da wani abu, kujeru da tebura da madubai da kabad. A 1930 aka sayar da su suka warwatsu, yau wasu suna gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, wasu a Metropolitan na New York. A Victoria and Albert ɗin ne kuma wani gado na gidan Badminton, ɗaya daga cikin manyan gidajen Ingila, yake, mai rufi kamar hasumiyar ibadar Sin, wanda shagon William da John Linnell ya yi wajajen 1754. In kana Landan kuma kana tunanin kashe kuɗi a kan shafen Japan, ka fara zuwa can ka cika idonka da na ƙwarai, shiga kyauta ne. Idon da ya ga na ƙwarai ba ya saurin ruɗuwa.

To, abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: duk darajar irin wannan kabad tana cikin wata fata ce da kaurinta bai wuce na farce ba. In ka kankare ta, abin da ya rage katakon fayin ne wanda ba wanda zai waiwaya ya kalla.

Mahogani kuwa labarinsa daban. Kafin shigowarsa, katakon walnat ne abin yayi. Sai tsananin sanyin 1709 ya kashe bishiyoyin walnat masu yawa a Turai, Faransa ta hana fitar da nata a 1720, sannan a 1721 majalisar Birtaniya ta cire haraji a kan katakon da ake kawowa daga ƙasashen da take mulka a Amurka. Nan ƙofa ta buɗe wa mahoganin Jamaika, daga baya na Kuba da na gaɓar Honduras, inda ƙasar Belize take a yau. Kafintoci suka sami abin da ba su taɓa samu ba: gungume mai faɗin da za a yanka saman tebur guda daga allo ɗaya, katako mai nauyi da ƙarfi wanda ba ya yawan murɗewa, wanda yake karɓar sassaƙa har gefen ganye ya fito da kaifi, kuma ƙwaron katako ba ya sonsa. Wannan ƙarfin ne ya ba su damar huda bayan kujera su mayar da shi kamar saƙar zare, ya kuma ɗauki nauyin mutum shekara 250.

Ba zan wuce nan ba tare da faɗin wanda ya sare bishiyoyin ba. Bayi ne da aka kwaso daga Afirka, akasari ta gaɓar yamma. A dazukan Belize su ne suke neman bishiyar, su sare ta da gatari, su ja gungumen zuwa bakin kogi, su jira damina ta kawo ruwa ya tafi da shi teku. Duk lokacin da na ɗora hannu a kan tebur na 1760, wannan yana zuwa mini a rai. Bai hana ni ganin kyan aikin ba, amma ɗan Afirka da zai sa irin wannan tebur a falonsa ya kamata ya san gumin waye a cikinsa.

Sunayen masu zana kayan ɗaki da za ka yi ta ji a bakin dillalai uku ne. Thomas Chippendale, haifaffen Otley a Yorkshire a 1718, wanda ya kafa shago a titin St Martin's Lane ya kuma buga littafin zane-zanensa a 1754. George Hepplewhite, wanda matarsa ta buga nasa littafin a 1788 bayan ya rasu da shekara biyu. Sai Thomas Sheraton, wanda nasa ya fara fitowa a 1791. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami. In dillali ya ce kujera Chippendale ce, kusan kullum salon yake nufi, domin kafintoci a ko'ina cikin ƙasar, har da Amurka, sun sayi littafin sun yi ta kwafa. Chippendale ba ya sa suna a kayansa. Ana tabbatar da aikin shagonsa ne ta takardun biyan kuɗi da suka rage a manyan gidaje irin su Harewood da Nostell Priory da Dumfries House na Scotland, wanda aka yi wa kaya a 1759. Hepplewhite da Sheraton kuwa babu wani kaya ko ɗaya da aka tabbatar ya fito daga hannunsu. Wanda ya riƙa buga sunansa a gefen durowa shi ne kamfanin Gillows na Lancaster, tun daga ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa kayansa suke da sauƙin ganewa kuma suke riƙe farashi.

Kada kuma a ɗauka sana'o'in biyu ba sa haɗuwa. Chippendale da kansa ya yi kayan ɗakin kwana masu koren shafe da zinariya a Nostell Priory a 1771, suna nan har yau a ɗakin da aka yi su dominsa. Akwai ma iri na uku, inda ake yanko ainihin shafen Sin ko Japan daga tsohon allon kariya a manna shi a gaban durowar Ingila, a cike gefuna da shafen kwaikwayo. Irin wannan na manyan masu tara kaya ne, farashinsa ya fi ƙarfin wannan hira tamu.

Mu zo ga abin da ya fi cin kuɗin mutane, wato jabu da gyaran da aka ɓoye. A nan tazarar da ke tsakanin kayan biyu tana da faɗi ƙwarai.

Durowar mahogani tana ba da labarin kanta ga duk wanda ya san inda zai duba. Zaro aljihun durowar gaba ɗaya ka juya shi. Gefuna da ƙasan yawanci katakon oak ne ko fayin, ba a shafa musu komai ba, sun yi duhu da kansu. Dubi kusurwar da gefe ya haɗu da gaba, inda haƙoran katako suke shiga juna kamar wutsiyar kurciya. Na hannu ba sa zuwa daidai wa daida, wani ya ɗan fi wani, kuma sau da yawa za ka ga siririn layin da kafinta ya ja da wuƙa don ya san iyakar yankansa. Na inji kuwa kamar haƙoran mataji suke. Shafa tafin hannunka a ƙasan aljihun, za ka ji 'yan kwaruruka marasa zurfi na abin fefe katako na hannu. In ka ga sawun zarto mai lanƙwasa kamar baka, zarton inji ne mai juyawa, kuma wannan allon ya zo ne bayan zamanin da ake magana. A durowoyin farkon zamanin, jijiyar katakon ƙasan aljihu tana tafiya daga gaba zuwa baya, daga wajajen 1770 kuma aka koma shimfiɗa ta daga gefe zuwa gefe. Leƙa bayan allon gaba: in akwai ramuka da aka toshe, an taɓa canza hannuwan, wanda ba wani babban laifi ba ne amma dalili ne na rage farashi. In wani sukuru ya kwance, dubi bakinsa. Na wancan zamani dungu ne ba tsini, tsagar kansa kuma sau da yawa ba ta tsakiya. Masu tsini na inji sai wajajen 1850 suka bazu. Fallen katako mai kyau da ake mannawa a sama, na da an yanke shi da zarton hannu, yana da kauri har ka gan shi a gefe, na baya-bayan nan kuwa kamar takarda yake.

Akwai wata alama da ta shafe mu kai tsaye. Maɗacin da muka sani ɗan dangin mahogani ne, kuma 'yan'uwansa na kurmi su ne ake kira mahoganin Afirka. Wannan katako bai shiga kasuwar Ingila da yawa ba sai ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da aka riƙa lodinsa daga gaɓar Legas da Benin da ƙasar da ake kira Ghana a yau. A daidai wannan lokacin kuma aka sake yayin salon Chippendale da Sheraton, aka ƙera kwafi masu ɗimbin yawa. Waɗannan kwafi yanzu sun haura shekara 100, sun yi tsufan gaske, suna ruɗin mutane. In masani ya duba ya ce maka katakon na Afirka ne, to kayan ba na zamanin George ba ne, ko kuma an yi masa babban gyara daga baya.

Duk wannan, mutum mai natsuwa zai iya koyonsa cikin 'yan watanni na zuwa kallon gwanjo. Shafen Japan kuwa yana rufe shaidun ne. Alli da launi sun lulluɓe mahaɗai da jijiyar katako, kuma matsalar ba ta tsaya nan ba. A farkon ƙarni na 20 an sake yayin kayan shafe a Ingila da Amurka, sai wasu suka riƙa sayen tsofaffin kabad da dogayen agogunan tsaye na oak ko walnat marasa ado, su yi musu sabon shafe. Ka zaro aljihu ka ga komai na 1720 ne, gaskiya ne kuwa, amma zanen da kake biyan kuɗi dominsa na 1920 ne. Ko wanda shafensa na asali ne, da wuya ka sami wanda ba a taɓa bi ba, domin shekara 300 ba wasa ba ce. Tambayar ita ce nawa ne ya rage na asali. Abin da nake yi shi ne in buɗe ƙyauren in kwatanta ciki da waje. Ciki bai sha haske ba, don haka jansa yana nan da rai, zinariyarsa tana ƙyalli. Waje ya kamata ya dusashe, ya yi 'yan tsage-tsage sirara kamar busasshen tabki, ya goge a wuraren da hannu yake yawan taɓawa, kusa da makulli da bakin ƙyaure. In waje ya yi daidai da ciki a haske, ko kuma gogewar tana inda hannu ba ya kaiwa, sai in ja da baya. Amma ko wannan bai isa ba. Kafin a biya kuɗi mai nauyi, sai an nemi rahoton lafiyar kaya a rubuce daga gidan gwanjon, an kuma sa mai gyaran kayan tarihi ya haska shi da fitilar nan mai shuɗin haske wadda take tona sabon fenti a kan tsoho. Wannan ƙarin kuɗi ne da mai sayen durowar mahogani ba ya bukata.

Sai maganar inda kayan zai zauna, kuma ga wanda yake niyyar kai shi Kano ko Zinder ko Sakkwato, wannan ita ce maganar da ta fi kowacce. Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma yana yin haka ne ta faɗinsa. Masu kula da kayan tarihi suna son laimar ɗaki ta tsaya wajajen kashi 40 zuwa 60 cikin 100, ba hawa da sauka. A ƙasar Hausa kuwa da hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta ta haura sama sosai. Katakon fayin da ke ƙarƙashin shafe zai bi wannan hawa da sauka, allin da ke kansa kuwa ba ya miƙewa ba ya tsukewa. Ɗaya ya motsa ɗaya ya tsaya, sai fata ta rabu da jiki.

Na gani da idona. Na taɓa kai wani ƙaramin akwati mai baƙin shafe gida, wanda bai fi a ɗauka da hannu biyu ba, na ajiye shi a kan kanta a ɗakin mahaifiyata. Na tafi da shi a ƙarshen damina lafiya lau. Da na koma bayan hunturu, sai na tarar da wasu 'yan ɓarɓashi baƙaƙe a kewayensa kamar ɓawon gyaɗar da aka soya. Na ɗaga murfin zuwa haske, na ga dutsen da ke tsakiyar zanen ya ɗago daga gefe ɗaya, farin alli yana leƙowa ta ƙasa. Mai share ɗakin, da kyakkyawar niyya, kullum takan bi shi da tsumma don ƙurar hunturu, tsumman kuma yana kama bakin duk inda ya ɗago ya tafi da shi. Wani tsuntsu da ke kusurwa ya rasa fiffike ɗaya. Abin ya yi mini ciwo, domin akwatin ya rayu fiye da shekara 200 kafin ya zo hannuna.

Mahogani ma ba ƙarfe ba ne. Shi ma yana jin hunturu, gefen durowa yakan tsage, kuma wanda aka manna wa falle a kan fayin fallen yakan ɗago, musamman da yake gam ɗin fata yana saki in zafi da laima suka haɗu, kamar yadda suke haɗuwa a cikin kwantena a kan teku. Shi ya sa nake cewa wanda zai kai gida ya nemi wanda aka yi da tsantsar katako, ya kuma ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, wadda ko ta ƙyale mahoganin ba za ta ƙyale fayin ɗin da ke baya da ciki ba. Bambancin shi ne ciwon mahogani yana warkewa. Tsaga ana cike ta da siririn katako, ƙafar da ta saki ana mayar da ita da gam, tabon kofi yakan dushe da kakin zuma da haƙuri. Kafinta mai hankali a gida zai iya yin wannan in an zauna an yi masa bayani, da sharaɗi ɗaya: kada ya kusance shi da injin gugar katako ko fentin feshi. Wannan duhu mai zurfi da ke saman tsohon mahogani, wanda kaki da hannuwa da hasken shekaru suka gina, shi ne rabin kuɗin kayan, kuma minti goma na inji sun isa su tafi da shi. Shafen Japan kuwa gyaransa aikin ƙwararre ne mai sirinji da ɗan buroshi, yana ɗura gam a ƙarƙashin kowane ɓawo yana kwantar da shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya faɗi ya ɓace kuma sai dai a zana sabo, sabo kuwa ba ya da darajar tsoho. Ko a Ingila ma, na'urar ɗumama ɗaki ta lalata kayan shafe da yawa, haka hasken rana ta taga. Turare mai barasa in ya ɗiga a kai yana narkar da shi nan take.

Ta fuskar amfani na yau da kullum ba sai an tsawaita ba. Durowar mahogani za ka zuba tufafi ka buɗe ka rufe safe da yamma, tebur ka ci abinci a kai, yara su jingina. Kabad mai shafe na kallo ne, kamar jeren kwanukan amarya.

Akwai kuma abin da dillalin Landan ba zai tuna ya gaya maka ba. Shafen Japan kusan duka cike yake da surar mutane da tsuntsaye da dabbobi, wasu ma masu tudu. Gidaje da yawa namu ba sa son irin wannan a ɗakin da ake salla, don haka a yi shawara da mutanen gida tun kafin a saya. A ɓangaren mahogani ma a san abin da aka ƙera kaya dominsa: akwai ƙananan akwatuna masu ƙafa da aka yi don ajiye kwalaben giya, akwai tebura masu naɗewa da koren ƙyalle na wasan karta, wasu kujerun kuma suna da kan zaki a gwiwa. Wani ba zai damu ba, wani zai damu, amma gara ya sani tun a shago.

Kuɗi fa? A nan mai son mahogani ya taki sa'a. Tun farkon shekarun 2000 farashin kayan katako masu launin ƙasa ya faɗi warwas a Ingila, saboda gidaje sun ƙanƙance kuma matasa sun koma son fararen kaya marasa nauyi. A gwanjon ƙananan garuruwa ana samun durowa ta gaske ta zamanin George a kan 'yan ɗaruruwan fam, wani lokaci ƙasa da kuɗin sabuwa ta garin katako da ba za ta kai shekara goma ba. Na ƙololuwa ne kawai bai faɗi ba: a Disamba 2010 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da wata durowa mai adon katako kala-kala da ake dangantawa da Chippendale, wadda ake kira ta Harrington, a kan fam miliyan 3.79. Kabad mai shafe na ƙwarai, musamman ja ko kore ko fari waɗanda suka fi baƙi wuyar samu, yana shiga dubban fam masu yawa. In ka ga mai araha, yawanci ko an sake masa shafe ne ko yana zuba. A tuna kuma farashin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshe ba, gidan gwanjo yana ɗora nasa kason, wanda sau da yawa yakan kai rubu'in kuɗin ko fiye. Ban ba kowa shawarar ya sayi ɗayansu don neman riba ba. Wanda ya saya a 1995 da wannan niyya ya ji a jikinsa.

Doka ma tana da abin cewa. Wasu durowoyi na ƙarshen zamanin suna da ɗan farin ado a bakin ramin makulli, wani ƙashi ne, wani hauren giwa. Tun Yuni 2022 dokar Birtaniya ta hana cinikin hauren giwa, sai 'yan keɓaɓɓu, ciki har da kayan da aka yi kafin 1947 waɗanda hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsu ba, su ma sai an yi musu rajista. Ka nemi shaidar rajistar, ko ka zaɓi mai bakin makulli na tagulla ka huta, musamman in za ka tsallaka iyaka da shi. Kaya masu tsada sosai da suka haura shekara 50 kuma suna bukatar lasisin fitarwa daga ƙasar.

To wa ya kamata ya ɗauki shafen Japan? Wanda yake zaune a Turai kuma ba ya shirin motsa kayan, yana da bango da rana ba ta bugu, nesa da na'urar ɗumi, yana da halin biyan masani kafin saye da mai gyara bayan saye, kuma zuciyarsa ta riga ta kamu. Irin wannan mutum ina taya shi murna, domin zai zauna da abin da ba a ƙara yin irinsa, mafarkin da kafintan Landan ya yi game da ƙasar da bai taɓa gani ba. In yana son ya fara da kaɗan, ya nemi madubi mai firam ɗin shafe ko ƙaramin akwati, ya zauna da shi shekara guda ya ga yadda ɗakinsa yake yi da shi kafin ya kai ga kabad.

Sauranmu kuwa, ga abin da zan nema in ni ne. Durowa mai dogayen aljihu huɗu ta wajajen 1760 zuwa 1780, tsantsar mahogani, cikinta oak, ƙafafunta na asali, samanta ba a kankare ba. Ko kuma ɗan teburin shayi mai ƙafa uku wanda samansa yake kifewa a jingine shi a bango. In teburin ne, ka tafi da awo a aljihu. Auna faɗin da'irar ta bin jijiyar katako, sannan ka auna ta gicciye. Kafinta ya yanka ta daidai, amma shekara 250 na bushewa sun tsuke ta ta gefe ɗaya, don haka na gaske za ka tarar awo na biyu ya gaza na farko da ɗan kaɗan. In ka sami haka, sai ka kifa saman ka duba ƙasansa, inda yatsun masu ɗaukarsa suka bar duhu a kewayen baki.